Ɗalibanmu Suna Haddace Kimiyya, Ba Sa Ganin Ta

A makarantun sakandaren gwamnati da yawa a Arewa akwai ɗakin da aka rubuta wa suna ɗakin gwaje-gwaje a ƙofa, amma ba a cire masa kwado sai jarrabawar WAEC ko NECO ta matso. Hukumar jarrabawa ta aiko da jerin kayan da za a tanada, shugaban makaranta ya shiga fafutukar kuɗin sinadarai, a aro wasu kayan daga makarantar maƙwabta, a tara yara a yi musu atisaye na mako biyu ko uku. Yaron da ya shekara uku yana karanta kimistiri, a wannan makon ne zai fara riƙe kwalbar gwaji da hannunsa. Duk wanda ya yi karatu ko koyarwa a irin waɗannan makarantu ya san ba ƙazafi nake yi ba. Masu zama jarrabawar daga waje kuwa, takarda ta daban ake ba su, wadda ake amsa tambayoyin gwaji da biro kawai ba tare da an taɓa komai ba.

Abin da wannan ya haifar kowa yana ganin sa. Yarinya ce za ta karanto maka dokar Ohm ta wutar lantarki tiryan-tiryan, ta rubuta lissafinta ba kuskure, ta ci maki. Ka tambaye ta dalilin da ya sa fitilar ɗakin mamarta ba ta mutuwa idan an kashe ta tsakar gida, alhali duk daga mita ɗaya suke shan wuta, sai ta sunkuyar da kai. Ba daƙiƙiya ba ce. Kalmomi aka ba ta ta haddace, ba a taɓa nuna mata abin da kalmomin ke nufi ba. Wannan yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin daga cikin waɗannan yaran ne muke jiran likitoci da injiniyoyi da masu haɗa mana sola.

Ra'ayina shi ne, a cikin duk abin da intanet ta kawo wa harkar ilimi, babu wanda ya dace da wannan ciwo namu kamar manhajojin da ke kwaikwayon gwajin kimiyya a fuskar kwamfuta ko waya. Amma da sharaɗi: a damƙa su a hannun malami, kuma kada kowa ya fake da su ya ce an huta da gina ɗakin gwaji.

Shafukan ilimi iri-iri ne, kuma ana yawan yi musu kuɗin goro. Akwai masu tara tsofaffin tambayoyin jarrabawa, waɗanda kasuwarsu ta buɗe tun da JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015. Suna da amfani wajen sabar da yaro da danna linzami da kiyaye lokaci, sai dai haddar nan ce dai ta tashi daga takarda ta koma allon waya. Akwai masu darussan bidiyo, irin Khan Academy da wani Ba'amurke mai suna Salman Khan ya kafa a 2008 bayan ya yi ta koya wa ’yan uwansa lissafi daga nesa. Bidiyo ya fi malamin aji haƙuri, ka mayar da shi baya sau goma ba zai ɗaure fuska ba, amma yaro ɗan kallo ne a gabansa, kuma Turancin Ba'amurke da sauri ba kowane ɗan aji huɗu ne ke kama shi ba. Na ukun shi ne wanda yaro ke sa hannu ya canza wani abu, ya ga abin da canjin ya jawo. A kansa nake magana.

Mafi shahara a wannan fanni shi ne PhET na Jami'ar Kolorado da ke Boulder a Amurka. Carl Wieman ne ya kafa shi a 2002, shekara guda bayan ya samu kyautar Nobel a fiziks, kuma da kuɗin kyautar ya taimaka aka fara aikin. Abin da ya dame shi bai yi nisa da namu ba: ya lura ɗaliban jami'a suna cin jarrabawar fiziks ba tare da sun fahimci abin da suke lissafawa ba. Yau shafin yana da gwaje-gwaje fiye da 150 a fiziks da kimistiri da bayoloji da lissafi, kuma kyauta ne a shafin nasu.

Ka ɗauki gwajinsu na haɗa wutar lantarki. Malam ya shigo aji da kwamfutar cinya da majigi, ya haska bango. A gefe ga batir, ga ƙwan fitila, ga wayar wuta, ga makunni. Ya jawo batir ɗaya da ƙwai ɗaya ya haɗa, ya rufe makunni, fitila ta kama, ga wasu ’yan ɗigo-ɗigo suna zagaya wayar, su ne wutar da ido ba ya gani. Sai ya buɗe makunnin, ya ƙara ƙwai na biyu a kan layi ɗaya da na farko, ya ɗauke hannunsa daga kwamfutar ya juyo ga aji.

“Idan na rufe yanzu, hasken zai ƙaru ne, zai ragu, ko yana nan yadda yake? Masu cewa zai ƙaru ku ɗaga hannu.”

Ya ƙirga ya rubuta a allo. Masu cewa zai ragu, ya rubuta. Ya ce kowa ya juya ga na kusa da shi ya gamsar da shi. Aji ya kaure da musu na minti biyu. Sannan ya kira wata daga layin baya ta zo ta danna da kanta. Fitilu biyu suka kama, dishi-dishi, ɗigon nan kuma suka rage gudu. Waɗanda suka ce zai ƙaru suka ce, “Malam, a sake!” Aka sake. Ya cire ƙwai ɗaya, ɗayan ma ya mutu. Daga nan ya warware haɗin, ya ba kowane ƙwai hanyarsa ta kansa zuwa batir. Duka biyun suka haska sosai, ya cire ɗaya, ɗayan bai ko girgiza ba. A nan ne wani zai ce, ashe haka aka haɗa wutar gidanmu. A ƙarshe Malam ya ɗauki waya guda ya haɗa kan batir da gindinsa kai tsaye ba tare da ƙwai a tsakani ba, sai ga harshen wuta ya tashi a jikin batir ɗin a bango. Yaron da ya ga wannan ya fahimci abin da ke faruwa idan wayoyi biyu tsirara suka haɗu a cikin silin, ya kuma gane haɗarin da ke cikin al'adar nan ta ɗaure fis da guntun waya idan ya ƙone. A ƙasar da gobarar kasuwa ke cinye dukiyar mutane kusan kowane hunturu, wannan darasi ya wuce na cin jarrabawa.

Abin da ya sa wannan ke aiki, a ganina, shi ne yaron ya furta hasashensa kafin ya ga amsa. Wanda ya ɗaga hannu a gaban abokansa ya ce haske zai ƙaru, sannan ya ga ya ragu, ba zai manta ba. Kuskuren bai fasa kwalba ba, bai ƙona sinadarin da aka sayo da kuɗin iyaye ba, ba a zane kowa ba. Mu kuwa mun gina ajinmu a kan tsoron kuskure, har yaro ya gwammace ya yi shiru da ya faɗi abin da zai sa a yi masa dariya, musamman ’yan mata. Sannan gwajin ba ya bukatar Turanci mai yawa. Batir batir ne, haske haske ne. Malam zai iya yin duk bayaninsa da Hausa, yara su yi musunsu da Hausa, sai fahimta ta zauna sannan a ɗora mata sunayen da jarrabawa ke so. Masu PhET ma sun bar ƙofar fassara a buɗe ga masu sa kai, kuma aiki ne da malaman kimiyya da na Hausa a jami'o'inmu za su iya haɗa hannu su yi wa yaranmu.

Ba zato kawai nake yi ba. A 2005 Noah Finkelstein da abokan aikinsa a jami'ar ta Kolorado sun wallafa wani bincike da suka raba ɗaliban fiziks gida biyu: wasu suka yi darasin da ƙwan fitila da waya na gaske, wasu suka yi shi a kwamfuta. Da aka zo tambayoyin fahimta, ’yan kwamfutar ne suka fi. Abin da ya fi ba da mamaki, da aka ba kowa kayan gaske aka ce ya haɗa, su ne kuma suka fi saurin haɗawa. Dalilin a fili yake: sun ga wutar tana gudana, kuma ba su ɓata lokaci wajen fama da mataccen batir ko wayar da ta saki ba. Amma a lura, ɗaliban jami'a ne da ke da takardar jagora a gabansu da mai kula da su a ɗakin. Ba a miƙa musu na'ura aka juya baya ba.

Akwai kuma gwajin da babu ɗakin gwajin da zai iya yi maka shi, komai kuɗinsa. Dutsen da aka rataya da zare mai tsawon mita ɗaya yana zuwa ya dawo cikin daƙiƙa 2 ko kusa da haka. A manhajar sai ka ninka nauyin dutsen, lokacin bai canza ba, abin da kusan kowane yaro zai rantse ba haka ba ne. Ka rage tsawon zaren, lilon ya ƙara sauri. Sannan ka danna ka kai shi duniyar wata, inda ƙarfin jan ƙasa bai wuce kashi ɗaya cikin shida na namu ba, ka ga lilon nan ya koma tafiyar hawainiya, yana cin kusan daƙiƙa 5. Harafin nan g na ƙarfin jan ƙasa da yara ke haddace cewa darajarsa 9.8 ce ya tashi daga lamba ya zama abin da suka ga tasirinsa.

Ina da wata manhaja da nake ƙauna ta daban, Stellarium, wadda ke nuna sararin samaniya na kowane gari a kowace rana, ita ma kyauta. Mu al'umma ce da kowace shekara muke ɗaga kai neman jinjirin watan azumi da na salla, muna kuma musu a kai a majalisa, amma kaɗan ne cikin ’yan sakandarenmu za su iya bayyana dalilin da ya sa wata ke yin kwana 29 ko 30, ko abin da ya sa ake neman jinjiri a yamma bayan faɗuwar rana. Malam zai iya sa garinsu a manhajar, ya riƙa tura kwanaki gaba, yara su ga wata yana nisa da rana yana cika, yana komowa yana ramewa. Zai iya mayar da kwanan wata zuwa 29 ga Maris 2006, su kalli husufin ranar da ya ratsa Gana da Najeriya da Nijar da Chadi, wanda iyayensu suka gani da idonsu. Ba ina cewa manhaja ta maye gurbin ganin wata ba ne, wannan hurumin malamai ne da masu alhakin sanarwa. Ina cewa ne yaron da ya san yadda Allah Ya tsara tafiyar waɗannan halittu ya fi wanda bai sani ba.

Na san abin da za a ce: ina wutar, ina kuɗin data? Tambaya ce ta gaskiya, balle tun da hukumar sadarwa ta amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin 100 a farkon 2025. Sai dai mutane da yawa ba su san cewa yawancin gwaje-gwajen PhET ana sauke su sau ɗaya ne a ajiye, kowanne ɗan ƙaramin fayil da ke buɗewa ko babu intanet, a kwamfuta ko a wayar hannu. Hanyar yaɗa irin wannan kuwa mun daɗe da ita. A kowace kasuwa da tasha akwai samarin da ke tura wa mutane finafinai da wa'azi da karatun Alƙur'ani a waya kan kuɗi kaɗan, kuma ta wannan hanyar fim ke isa ƙauyen da ko sabis babu. Abin da ya kai fim can zai kai gwajin fiziks. Ga makarantar da ke da ’yan kwamfutoci, akwai Kolibri na ƙungiyar Learning Equality, wanda ake ɗorawa a kwamfuta guda ta riƙa raba darussa ga sauran na'urorin da ke kusa ba tare da intanet ba. Gwamnatin Tarayya ma, tare da UNICEF da Microsoft, ta ƙaddamar da Nigeria Learning Passport a Maris 2022, mai darussa har da na Hausa, bayan kullen korona na 2020 ya nuna mana yadda yaran talakawa suka zauna watanni ba karatu sai ɗan abin da rediyo ya kawo. Wannan tsari na saukewa a ajiye yana kuma kwantar da hankalin uban da ke tsoron miƙa wa ’yarsa waya mai intanet, tsoron da ban ga laifinsa ba. Abin da aji ɗaya ke bukata shi ne kwamfutar cinya guda, majigi guda, da faifan sola da batir da za su riƙe su.

A nan ne nake rabuwa da masu son a raba wa kowane yaro na'ura. An gwada. A 2005 Nicholas Negroponte ya fito da shirin kwamfutar dala 100 ga kowane yaro, duniya ta ɗauka, har a wata firamare a Abuja aka yi gwajinsa. Ƙasar Peru ta fi kowa zurfafawa, ta raba dubban ɗaruruwa. Da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya bi sawu a makarantun karkara 319, rahotonsa na 2012 bai ga wani ci gaba a lissafi ko karatu ba, duk da cewa yaran sun iya sarrafa na'urar kuma an ga ɗan ƙarin kaifin tunani. Na'ura ta isa aji, amma yadda ake koyarwa bai canza ba. Ina tsoron irin wannan a wurinmu fiye da ko'ina, domin rabon na'ura kwangila ce mai maiƙo, ana ɗaukar hotonta, ana yanke mata kyalle, alhali horar da malami ba ya fitowa a talabijin. Bayan shekara biyu batura sun kumbura, caja ta ɓace, sauran suna kulle a ofishin shugaban makaranta don kada a ce shi ya lalatar.

Malami shi ne gaba ɗayan zancen, kuma shi ma zai iya kashe abin cikin sauƙi. Idan ya haska gwajin a bango ya danna komai da kansa, yana faɗin amsa kafin a tambaya, sannan ya ce a kwafa a littafi, to ya mayar da majigi allo ne kawai. Ban ga laifinsa sosai ba. Yawancin malaman kimiyyarmu su ma da hadda aka yaye su, wasunsu ba su taɓa haɗa wutar nan da hannunsu ba, ga aji mai yara tamanin ko ɗari, ga tsarin darussan zango da mai duba makarantu zai zo ya tambayi inda aka kai, ga albashin da ba ya kai tsakiyar wata. Mutumin da ke cikin wannan hali ba takardar umarni yake bukata ba. Yana bukatar a zaunar da shi a matsayin ɗalibi, a tambaye shi hasashensa, ya yi kuskure a cikin ’yan uwansa malamai inda ba zai ji kunya ba, ya ɗanɗani daɗin ganewa da kansa. Wurin yin wannan shi ne kwalejojin ilimi, tun kafin a ba mutum takardar NCE, da tarukan ƙungiyar malaman kimiyya ta STAN wadda take nan tun 1957. Horon kwana biyu a otal da ake raba jaka da kuɗin mota ba zai yi ba. A samu malami ɗaya gwani a kowace shiyya da zai riƙa zagayawa yana shiga aji tare da su, zango bayan zango.

Duk da wannan yabo, akwai abin da allo ba zai taɓa koyarwa ba. Ɗigar da sinadari daga dogon bututun gilashi, ɗigo bayan ɗigo, hannun hagu a kan famfon, na dama yana kaɗa kwalba, ido yana jiran lokacin da ruwan ɗorawa zai juya launi, wannan aikin yatsu ne. A kwamfuta ma'auni ba ya karkacewa, hannu ba ya rawa, sakamako kullum tsaf yake fitowa. A duniyar gaske kuwa sai ka auna sau uku ka samu amsa uku, kuma koyon abin da za ka yi da wannan saɓanin rabin kimiyya ne. Ma'aikaciyar jinyar da za ta ja allura da mai gwajin jini a asibiti da hannu za su yi aiki. Lokacin da Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977, da ɗakunan gwaji da zaɓaɓɓun malamai ta buɗe su, kuma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can suna nan ana ganin su. Duk gwamnan da zai ce ya sayo manhaja don haka an gama da batun ɗakin gwaji, ya cuci yaran talakawa, domin ’ya’yan masu hali a makarantun kuɗi duka biyun suke samu.

Kuma ba kowane gwaji na gaske ne ke bukatar kasafin kuɗi ba. Ruwan zoɓo kaɗai ya isa a koyar da bambancin sinadari mai tsami da kishiyarsa: ka matsa masa lemon tsami ya ƙara ja, ka zuba masa ruwan kanwa ya juya ya yi duhu-duhu zuwa kore. Zare da dutse da agogon waya sun isa gwajin lilo. Tsarin da nake so in gani shi ne a fara da manhaja don yaro ya ga abin da ke ɓoye ya kuma yi hasashe, sannan a fita da shi ya taɓa na gaske ya ga inda suka dace da inda suka saɓa, ya tambayi dalili.

Iyaye ma da nasu. Idan aka kira taron iyaye da malamai aka ce za a kawo ajin zamani, ko ɗan majalisa ya zo da kwalayen na'urori, a yi godiya, sannan a yi tambaya. Wane malami ne zai yi aiki da su, wa ya horar da shi, kuma zai dawo ya ga yadda ake yi? Darasin yana cikin jadawalin mako ko sai ranar da baƙi suka zo? Idan batirin sola ya mutu, daga wace jaka za a sayi wani? Makullin ɗakin yana hannun wa? Makarantar da ta amsa waɗannan za ta iya farawa a zango mai zuwa da kwamfutar malamin fiziks da majigin aro, tun kafin kwalayen su iso.